Zauren Matafiya: "Wane ƙauye zan kai Hajiya kafin ta koma gida?"

Jama'a barkanmu da warhaka. Wasiƙun wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, kowa so yake ya fita daga birni ya ga ƙauyen Turawa, to na haɗa su waje guda tunda amsar tasu duk a kwari ɗaya take.

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗaliba ce a Sheffield, Hajiyarmu ta zo bikin gama karatuna kuma saura mata sati biyu ta koma Kano. Na kaita Landan, na kaita kantuna har ta gaji, yanzu cewa take ita dai a kaita ta ga ƙauyensu, wai ko su ma suna da ƙauye. Matsalar tana fama da ciwon gwiwa kuma banida mota. Ina zan kaita dan Allah? Daga ƙanwarka a Sheffield.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya albarka a karatu, ki gaida min Hajiya da kyau ki ce mata tambayarta tafi ta mutane da yawa ma'ana. Ai ke kina zaune a bakin abin ne baki sani ba. Ki kaita Castleton. Ƙauye ne a yankin Derbyshire, cikin gandun shaƙatawa na Peak District, wanda shine na farko da aka ware a duk Birtaniya a 1951. Daga tashar bas ta Sheffield akwai bas mai lamba 272 da zai sauke ku a tsakiyar ƙauyen cikin kamar awa ɗaya, kuma shi nake baki shawara ba jirgin ƙasa ba, don jirgin a Hope yake tsayawa kuma daga tashar zuwa Castleton ya kai mil biyu, ke zaki iya takawa amma Hajiya ba zata yafe miki ba. Ki zaunar da ita gefen taga, tafiyar ita kanta rabin kallon ce, da kun bar gari zaku fara ganin tuddai kore shar da tumaki birjik da katangun dutse da aka jera ba siminti ba laka, dutse kan dutse kawai, kuma sun shekara ɗaruruwa a tsaye. Surukata da na kaita abinda ya fi tsaya mata a rai kenan, har muka dawo gida tana tambaya wai ina makiyayan, ya za'a saki dabba haka ba mai tsaro.

Ƙauyen kansa ƙarami ne, a awa ɗaya kun zagaye shi a hankali. Gidajen dutse, ɗan rafi mai agwagi da ya ratsa ta tsakiya, tsohuwar coci, shagunan shayi. In kun ɗaga kai zaku ga kufan wata fada a kan tudu tana kallon garin, sunanta Peveril Castle, daga ita ƙauyen ya samo sunansa. Wani William Peveril ne ya fara gina ta bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, tana cikin ƙidayar dukiyar ƙasa da aka yi a 1086, hasumiyar da ake hangowa kuma Sarki Henry na biyu ne ya sa aka gina a 1176. Amma kada ki ce zaki hau da Hajiya, hanyar a miƙe take sama tana lanƙwasa kamar maciji, ni da nake ganin kaina da sauran ƙarfi sai da na tsaya hutu sau biyu. Ku tsaya daga ƙasa ku ɗauki hoto, daga ƙasan ma tafi kwarjini, in ka hau ciki bango ne kawai da iska.

Abinda zan ce lallai ki kaita shine kogon da ke ƙarƙashin fadar, Peak Cavern. Ki bi rafin nan ta tsakanin gidaje minti kaɗan sai kawai ku ga dutse ya tsage, baki ya buɗe ƙato, babu kogon da ya kai bakinsa girma a Birtaniya cikin waɗanda Allah ya halitta ba mutum ya haƙa ba. A cikin bakin kogon nan mutane suka zauna da iyalansu shekaru aru-aru, sana'arsu tufka igiya suna sayarwa masu haƙar dalma, har yanzu kayan aikin na nan kuma mai zagayawa da baƙi yakan tufka igiya a gabanku, wani lokacin ya kira yaro ya riƙe masa. Hajiya zata ji daɗin wannan don tufka ba baƙon abu bane a wajenta. Can ciki akwai inda sai an sunkuya sosai, ki tambaya a bakin ƙofa tun kafin ki biya kuɗi ko za'a bari ta tsaya daga farko-farko. Kuma sanyi ne a ciki rani da damina, ƙasa da digiri 10, a saka rigar sanyi ko da rana ake a waje. Sunan da mutanen garin ke kiransa dashi tun da can kuwa, ki yi haƙuri, wai ɗuwawun Shaiɗan, saboda wani ƙara da kogon ke yi in ruwan ambaliya yana janyewa. Wannan ke kika san ko zaki fassara mata.

Sauran kogunan uku ne. Speedwell tsohuwar mahaƙar dalma ce ta wajajen 1770, ana shiga kwale-kwale a ƙarƙashin ƙasa, amma sai an sauka matakala sama da 100 kuma an hawo su, a cire Hajiya a lissafi. Treak Cliff da Blue John su ma matakala ne. A can ake haƙo wani dutse mai ratsin shuɗi da ruwan ɗorawa da ake kira Blue John, shagunan garin cike suke da zobe da sarƙa da ɗankunne nasa, in tana neman tsarabar da ba'a samu a Kantin Kwari ba to ga ta nan, sai dai ki riƙe jakarki da kyau, ba araha.

In da ɗan canji ya rage ki kira tasi ya bi daku ta Winnats Pass, wata hanya ce siririya tsakanin duwatsu biyu masu tsayi, minti biyar ce amma sai tayi salati. Ku tafi ranar aiki, Asabar da Lahadi garin cika yake.

Tambaya: Malam barka da aiki. Mu biyar ne samari a Manchester, muna ganin hotunan wani dutse Mam Tor a TikTok mutane na zuwa kallon fitowar rana. Muna so muje amma aljihu ba nauyi, kuma wani a cikinmu yace sai da kayan hawa dutse na musamman. Gaskiya ne? Daga wani ɗan Zariya.

Amsa: Ƙanina abokin naka ya tsorata ku ne kawai. Mam Tor tsayinsa mita 517 ne daga matakin teku, ba igiya ba ƙugiya, hanya ce shimfiɗaɗɗiya da aka jera mata duwatsu, wanda ya taɓa hawa Kufena ba abinda zai bashi tsoro a nan. Hawa kyauta ne, kuɗin jirgi kawai zaku kashe. Ku shiga jirgin Sheffield mai tsayawa a ƙananan tashoshi daga Piccadilly ku sauka a Edale, kamar minti 45, daga tashar kuna hango tudun.

In kun hau kada ku ɗauki hoto ku juyo kamar yadda yawancin mutane ke yi, asara ce. Ku bi ƙashin bayan tudun, hanya ce doguwa a sama kwari na dama kwari na hagu, ta Hollins Cross da Back Tor har Lose Hill, sannan ku gangara Hope ku hau jirgin komawa ko ku gangara Castleton ku sha shayi. Awa uku zuwa huɗu ba gaggawa. A Hollins Cross ɗin nan ku ɗan tsaya, da can kafin mutanen Edale su samu cocinsu da maƙabartarsu ta nan suke ɗauko gawa a kafaɗa su tsallaka tudun zuwa ɗaya kwarin, in kun ga tsayin wajen zaku tausaya musu. A saman Mam Tor kuma ku lura da wani tudu-tudu da rami da ya zagaye ƙoƙon, ragowar ganuwar mutanen da suka zauna a wajen ne tun kusan shekara 3,000 da suka wuce.

Wajen da ni yafi burge ni ba saman bane, ƙasan ne. Gefen tudun na gabas kullum cikin zaftarewa yake a hankali, don dutsen hawa-hawa ne, mai tauri a kan mai laushi, in ruwa ya shiga sai na ƙasan ya saki, shi yasa suke masa laƙabi da dutse mai makyarkyata. Turawa da taurin kai suka shimfiɗa babbar hanyar mota a ƙasansa, suna gyarawa tana tsagewa suna gyarawa tana tsagewa har suka haƙura suka barta a 1979. Tana nan har yau, kwalta ta karye ta zama matakala, wani wajen ka tsaya ka ƙirga kwalta kan kwalta kamar waina an jera, ga farin layin tsakiyar hanya ya tafi ya yanke a bakin rami. Ku biya ta nan.

Maganar kaya, ba na musamman ba amma kada ku raina wajen. Karo na farko da naje cikin watan Nuwamba ne, na saka kambas mai santsi da jamfa da wata 'yar jaket ta gayu, a ƙasa rana ake tarwai, muna kaiwa sama iska ta taso hazo ya rufe ko'ina bana ganin wanda ke gabana, wajen gangarowa na zame na zauna daɓas a cikin caɓi, wata tsohuwa Baturiya da ta kusa jika dani ita ta miƙo min sandarta, kunya kamar ƙasa ta tsage. Haka na shiga jirgi na tsaya a tsaye har gida don kada na ɓata musu kujera. Takalmi mai gurzau a ƙasa, rigar ruwa, ruwan sha, waya cike da caji, shikenan. Ku duba hasashen yanayi da safen ranar, ba na jiya ba. A watan Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. In wani abu ya faru Allah ya kiyaye a kira 999 a nemi 'yan sanda a ce musu ana buƙatar masu ceto na kan dutse. Kallon fitowar rana kuwa jirgi ba zai kai ku da wuri haka ba lokacin bazara, sai mota, kuma wallahi kada ku ajiye ta a gefen hanya inda aka ja layi biyu, tara zasu ci ku. Gashin nama a kan tudu ma a manta dashi, gobarar daji suke tsoro kuma basa wasa da ita.

Tambaya: Salam. Ni da maigida muna son fita irin wannan da yara amma tsoro nake, ina saka hijabi kuma ance ƙauyukan nan Turawa ne zalla. Sannan naga hanyoyin ta cikin gonakin mutane suke bi, ba za'a ce mun shiga gonar wani ba? Maman yara uku, Bradford.

Amsa: Hajiya tsoronki ba na banza bane, ba zan ce miki ba'a kallo ba, ana yi, a ƙananan ƙauyukan da baƙi basu cika zuwa ba sai ki shiga shagon shayi hira ta ɗan tsaya. Amma ni a shekarun da nayi ina yawo a kwarin nan da iyali abinda nafi gamuwa dashi gaisuwa ce, mutumin da in a birni ne ko kallonki ba zai yi ba a kan tudu sai ya ce miki sannu har ya tsaya yi miki maganar ruwan sama. Castleton da Mam Tor kam ranar hutu zaki ga masu hijabi da yawa. Akwai ma ƙungiya ta Muslim Hikers da wani Haroon Mota ɗan Coventry ya kafa, ranar Kirsimeti ta 2021 sun hau Mam Tor su sama da 100, da hotunan suka fita wasu suka bi su da zagi a intanet, amma waɗanda suka tsaya musu sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma basu fasa fita ba. In kina so ki fara cikin jama'a ki neme su.

Batun gona kuwa ki kwantar da hankalinki. Duk inda kika ga alamar hanyar ƙafa ta jama'a, yawanci ɗan kibiya ne ruwan ɗorawa a jikin itace, doka ce ta baki damar wucewa ko da ta tsakiyar garken mutum ta bi, mai gonar bashi da ikon hana ki. Kuma wannan dama ba a sama aka tsince ta ba. Tudun da ke bayan Edale, Kinder Scout, da can na masu kuɗi ne suna farautar tsuntsaye, talaka baya taka shi. Ranar 24 ga Afrilun 1932 matasa ma'aikata ɗaruruwa, yawancinsu daga Manchester, suka hau da gangan, aka yi dambe da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar a kurkuku. Ɗaurin nan ne ya tada jama'a, ana ta ja har aka zo ga gandunan shaƙatawa, sannan dokar shekarar 2000 ta buɗe tuddai da dazuzzuka da yawa ga kowa. To ke ma cikin kowa ɗin kike.

Sharaɗin dai ki tsaya a kan hanya, ƙofar da kika samu a rufe ki rufe ta bayan kin wuce, kada yara su bi tumaki da gudu musamman watan Maris da Afrilu lokacin haihuwa, in kin ga shanu da 'yan maruƙa ki zagaye nesa. Da yara ƙanana zan ce ki fara da madatsar ruwa ta Ladybower, hanyar a shimfiɗe take har keken jarirai na bi. Ƙauyuka biyu ne a ƙarƙashin ruwan, Derwent da Ashopton, aka tashe su da aka gina dam ɗin tsakanin 1935 da 1943, irin abinda ya samu tsohuwar Bussa da aka yi Kainji. In aka yi fari ruwa ya ja sosai kamar a 2018 sai kufan Derwent ya fito mutane suyi ta tururuwa.

Tambaya: Malam ni malamin tarihi ne a sakandare a Katsina, ban taɓa zuwa Ingila ba. Lokacin korona naji ana labarin wani ƙauye da ya kulle kansa saboda annoba. Da gaske ne ko tatsuniya ce, kuma akwai abinda ya rage a wajen?

Amsa: Malam da gaske ne, kuma 'yan mil kaɗan ne daga Castleton ɗin da muke magana. Ana rubuta shi Eyam amma Iim suke faɗa. A watan Satumban 1665 aka aiko wa telan garin ƙunshin yadi daga Landan inda annoba ke cin mutane, yadin da ɗanshi, yaron shagon George Viccars ya baza shi gaban wuta ya bushe, ashe akwai ƙuma a ciki, shi ya fara mutuwa. Cutar ta ɗan lafa da sanyi ta dawo da ƙarfi da zafi ya shigo, mutane suka fara shirin gudu, sai limamin cocin William Mompesson da tsohon limamin garin Thomas Stanley, waɗanda ma ba aƙida ɗaya suke ba, suka haɗa kai suka roƙi jama'a kowa ya zauna, ba shiga ba fita, don kada a kai wa Sheffield da sauran garuruwa. Kuma suka yarda, sun san abinda suke yarda dashi. Wata 14 ana abu ɗaya, kusan mutum 260 suka mutu, har da matar limamin, Catherine. Ni ranar da na fara jin labarin hadisin nan ne ya faɗo min, wanda ya hana shiga garin da annoba ta ɓarke ya kuma hana na ciki fita, in zaka koyar da ɗalibai ga mashiga nan.

Abinda ya rage yana da yawa, don garin mutane na zaune a ciki har yau, gidajen da aka mutu ɗin nan akwai masu kwana a cikinsu, a ƙofar kowanne an kafa allo da sunayen waɗanda suka rasu a gidan da ranakun. A bakin iyakar garin akwai wani dutse da aka huda wa ramuka, a nan mutanen Eyam ke zuba ruwan kal su jefa kuɗi a ciki wai ya kashe cutar, maƙwabta su ajiye abinci su ɗauki kuɗin ba tare da an haɗu ba, mai gidan sarautar Chatsworth ma yana aiko musu da abinci. Na saka yatsa a ramukan, har yanzu baƙi na jefa kwabbai. Amma inda jikina yayi sanyi wani ɗan fili ne a bayan gari da aka zagaye da katanga a tsakiyar makiyaya, Riley Graves. Wata mata Elizabeth Hancock a watan Agustan 1666 cikin kwana takwas ta binne mijinta da 'ya'yanta shida, ita kaɗai take ja ta haƙa ta rufe don ba mai iya matsowa. Ba mai gadi ba tikiti, duwatsun kabari ne kawai da tumaki suna kiwo a gefe. Duk Lahadin ƙarshe ta Agusta suna taron tunawa a wani kwari da ake kira Cucklet Delf, inda suka riƙa ibada a fili lokacin annobar kowane gida nesa da ɗan'uwansa. In kana son hotuna don aji ka sake rubuto min ta mujalla zan aiko maka waɗanda na ɗauka.

Tambaya: Abinci da salla fa? Daga mutum uku daban-daban.

Amsa: Ku tafi da naku. Naman halal sai an dawo birni, a ƙauyen abinda zaku samu dankalin Turawa gasasshe da wake ko cuku, miyar ganye, kek da shayi, kifi da soyayyen dankali kuma ku tambaya da wane mai aka soya kuma ko an kwaɓa fulawar da giya, wasu suna yi. Mu kula muke cikawa da dafa-duka da fulas na shayi mai citta, a zauna a bakin rafi agwagi na roƙo. Masallaci babu, sai ku yi alwala a banɗakin jama'a da ke tashar motar Castleton ko ku tafi da gorar ruwa, ku samu gefe a kan ciyawa. Dadduma dai a samu mai leda a ƙasa, kuma a duba wajen da kyau kafin a shimfiɗa, tumakin nan ba inda basa ajiye saƙo.